Yadda ake shirya fitar zumunci ta ikilisiya a Maraɗi

Ranar Lahadi a majami'armu kowa ya san bencinsa. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, yara suna makarantar Lahadi a ƙarƙashin rumfa, 'yan'uwanmu 'yan Benin da Togo da Najeriya kuma sukan taru inda muryar mai fassara ta fi kai musu. Da an rufe da addu'a sai a gaisa a bakin ƙofa, kowa ya hau babur ɗinsa. Mutum sai ya shekara biyar yana sujada tare da wani bai san unguwar da yake kwana ba. Wannan giɓin ne fitar zumunci, wadda matasanmu ke kira sorti, take cikewa. Wuni ɗaya a kan tabarma ɗaya, hannu a tire ɗaya, yakan buɗe bakin da shekara guda ta gaisuwar ƙofa ba ta buɗe ba. Yesu da kansa, a Markus 6:31, ya kira almajiransa su keɓe su ɗan huta, domin jama'a ta yi musu yawa har ba su sami sukunin cin abinci ba.

Na daɗe ina cikin masu shirya wannan fita a ikilisiyarmu, kuma ga yadda nake yi, ɗan'uwa, idan an ɗora maka ita karo na farko. Lissafina na mutum 80 ne, manya da yara. Ka rage ko ka ƙara daidai jama'arka.

Kayan da za a tanada

Ruwa ne kan gaba. Ina ware wa kowane mutum lita 4 na sha da wanke hannu, wato jarka 13 masu cin lita 25, sannan in ƙara 3 na girki. Kada ka dogara da cewa akwai rijiya ko famfo a can. Ko akwai, na mutanen garin ne, kuma mutum 80 suna iya hana matan ƙauye ɗiban ruwansu na yini.

Sai wurin zama: tabarmi manya kamar 15, tamfol biyu saboda inuwa idan itatuwan ba su isa ba, da kujeru biyar ko shida na tsofaffin da gwiwa ba ta barinsu zama ƙasa. Na girki kuwa tukwane manya biyu, ludayi, gawayi ko itace daga gida, tire manya guda 10, butoci, sabulu, da kofuna. Shinkafa kilo 12 da wake tiya biyu sukan ishe mu, da mai da albasa da yaji, a haɗa da kwaɗon zogale da zoɓo ko ruwan tsamiya.

Akwatin magani ba ya zama a gida: parasetamol, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, almakashi, da ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa don mayar wa jiki ruwan da ya rasa. In ba a sami ƙullin ba, a lita 1 na ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sauran su ne littafi da biro, usur, ƙwallo, igiya doguwa, ganga, littattafan waƙoƙi, buhunan zuba shara, shebur ɗaya da zana biyu. Wayoyi biyu masu layi daban-daban, a ce Airtel da Moov, domin inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan yana kamawa.

1. Fara da fasto da dattawa

Kada maganar ta fara fitowa a WhatsApp na matasa. Ka je wurin fasto ka ce, “Baba Fasto, ga abin da muke tunani, muna neman shawararku da albarkarku.” Shi zai kai ta gaban dattawan ikilisiya. Idan dattawa suka ji ta a bakin yaransu kafin su ji ta a zaman majalisa, za su ɗauke ta wasan samari, kuma ba za su zo ba. Fitar da ba tsoho a cikinta ta rasa rabin amfaninta.

Bayan sun amince, a kafa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: dattijo ɗaya, mata biyu daga zumuntar mata, matashi, malamin makarantar Lahadi, da ma'aji. A tabbata akwai ɗaya daga cikin baƙin da Hausarsu ba ta nuna ba, shi ne zai jawo 'yan'uwansa. A fara shiri mako shida kafin ranar.

2. Zaɓen rana

Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne lokacin. An gama girbi, hanyoyi sun bushe, rana ba ta da zafi sosai. Ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, ta dace domin ma'aikata da 'yan lakwal duk suna hutu, haka ma kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Mutane da yawa suna son Litinin ta bayan Ista, amma Ista tana faɗowa ne a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40. In dole sai ita, a fita da sassafe a dawo kafin azahar, ko a yi ta cikin gari inda akwai inuwa da famfo.

A kauce wa Litinin da Juma'a idan jama'arka 'yan kasuwa ne, ranakun babbar kasuwar Maraɗi ke nan. A duba kalanda kuma kada ranar ta faɗo cikin watan azumin maƙwabtanmu Musulmi. Ba kyau mu baje tukwane muna ci muna sha a gonar mutumin da ke riƙe da ƙishirwa tun asuba, ga direbobin da za su kai mu ma galibi suna azumin.

3. Zaɓen wuri, da zuwa a gani da ido

Wurin da ya fi tafiyar awa ɗaya ya yi nisa. Kusa da mu akwai zaɓi da dama. Akwai lambunan bakin Gulbin Maraɗi masu inuwar mangwaro, akwai wajen Jiratawa inda ake noman rani da zogale. Tsibiri, garin Sarkin Gobir, tana nan kusa, kuma tana da nauyi a tarihinmu, domin mishan ta SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, wadda ta fara aiki a Zinder a 1924, ta zauna a can tun ƙarshen shekarun 1920. Ana iya haɗa fitar da ziyarar 'yan'uwa na can, a nemi wani dattijo ya ba yara labarin yadda bishara ta shigo ƙasar nan. Akwai kuma Danja, a kan hanyar kudu, inda asibitin kutare yake tun shekarun 1950. Ikilisiyar da ke son ta haɗa hutu da hidima tana iya neman izinin hukumar asibitin tun da wuri, a gaida marasa lafiya da waƙa da sabulu, sannan a koma inuwa a ci abinci.

Matasa kullum tafkin Madarunfa suke ambata, kuma wuri ne mai kyan gani, ga tsuntsaye ga masunta. Sai dai abu uku. Kewayen tafkin akwai kaburburan da jama'ar Musulmi ke girmamawa a matsayin na waliyyai 99, don haka ba ko'ina ake kafa ganga ba. Ruwan kwance irin wannan yana iya sa wa yara tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. Na uku kuma shi ne tsaro: a shekarun nan wasu yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da ke kusa da iyaka sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Duk wurin da ke wannan ɓangaren, sai an tambayi jandarmomi da mutanen wurin a makon da za a tafi. Labarin bara ba ya aiki. In zuciyar dattawa ba ta kwanta ba, a canja wuri, ba gardama.

Ko wane wuri aka zaɓa, mutum biyu ko uku su je da ƙafarsu, kuma su kai har tsakar rana a can. Inuwar ƙarfe 8 na safe takan gudu kafin ƙarfe 1. A duba ƙaya da ramukan kunama, a ɗaga kai a duba saƙar zuma a itatuwan, domin hayaƙin girki da kiɗa suna tayar da ita. A gwada waya. A san likita mafi kusa da mintin da za a yi kafin a kai ta. A duba ko mota za ta shiga ba ta kafe cikin rairayi ba.

In babu halin fita gari sam, filin wata makaranta ko gonar wani ɗan ikilisiya a bakin gari ya wadatar. Abin da ake nema shi ne a bar bencin nan na kullum.

4. Neman izini

Daga wurin mai gonar sai ƙofar mai gari. A je da dattijo, a riƙe goro, a ce, “Ranka ya daɗe, mu Kiristoci ne daga Maraɗi, muna roƙon a ba mu aron inuwa wuni ɗaya, mu da iyalanmu. Za mu yi waƙa da addu'a, mu ci abinci, mu share wurin mu tafi kafin magariba.” A faɗi gaskiyar ko su wane ne mu tun farko. Ban taɓa ganin mai garin da ya ji wannan bayani ya hana ba, amma na ga wanda ransa ya ɓaci don ya wayi gari ya ga motoci a ƙasarsa ba sallama. Idan za a fita daga cikin birni da jama'a masu yawa, a rubuta takarda da sa hannun fasto zuwa ga magajin garin wurin da jandarmomi, a faɗi rana, wuri, da yawan mutane. A riƙe kwafi ɗaya a mota.

5. Kuɗi da abinci

Nan ne fita take gyaruwa ko ta lalace, shi ya sa zan daɗe a kai.

Wata shekara, don mu rage wa kwamiti wahala, muka sanar cewa kowa ya biya kuɗin motarsa, kowane gida kuma ya zo da abincinsa. Da lokacin ci ya yi, wasu gidaje suka buɗe kuloli, ga kaza ga taliya ga lemun kwalba. Ina zagayawa sai na iske wata gwauruwa da 'ya'yanta uku a bayan mota, sun ɓuya suna cin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na ce, “Inna, me ya kawo ku nan cikin rana?” Ta ce, “Ɗana, nan ma ya yi.” Har yau in na tuna fuskar babban yaron nata, yana leƙen tabarmin wasu ta ƙarƙashin mota, raina yakan ɓaci. Wasu gidajen ma ba su zo ba, sai daga baya muka gane kuɗin motar ne ya tsare su. Mun fita neman zumunci, muka dawo mun nuna wa kowa matsayinsa. Abin da Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a kai ke nan a wasiƙarsa ta fari, sura 11: ana taruwa, kowa na gaggawar cin nasa, wani na zaune da yunwa.

Tun daga ranar dokarmu biyu ce: asusu ɗaya, tukunya ɗaya.

Ga yadda ake yi. Kwamiti ya lissafa komai, mota da abinci da gawayi da goro, ya ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba. A ce jimillar ta kama jika 200. Ba za a raba ta kan mutum 80 a ce kowa ya kawo nasa ba. Ana sanar da jimillar a majami'a, a yi baiko na musamman Lahadi uku a jere, cikin ambulan marar suna. Mai jika goma ya sa, mai dala ashirin ya sa. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da wake ko gero ko itace, ya kai wa zumuntar mata, a rubuta. Rubuta sunan masu tafiya dabam yake da baikon, kuma ba a tambayar kowa nawa ya bayar kafin a rubuta shi. Idan Lahadi ta uku ta wuce kuɗin bai cika ba, ma'aji da dattijo su je wurin mutum biyu ko uku masu hali a asirce, ko a rage tsari: a bar nama, a matso da wurin kusa. Ba a rage mutane.

Mata sukan fi son su dafa a can, amma hakan yana nufin su wuni a bakin murhu wasu suna wasa. Mu yanzu ana dafa shinkafa da wake da asuba a harabar majami'a, a zuba a kuloli, a can sai ɗumama miya da haɗa kwaɗo. Samari ne ke ɗiban ruwa, su ne kuma ke wanke tukwane. In za a yi nama, a sa mahauci Musulmi ya yanka, don direbobi da masu gonar su ci tare da mu hankali kwance. Abincin da aka dafa da asuba a cinye shi kafin ƙarfe 1, kada a ajiye sauran miya cikin zafi har yamma a ba yara.

6. Mota

A je tasha a yi ciniki da direban da wani a ikilisiya ya sani, a ga motar da ido: tayoyi, birki, tayar safaya, takardun inshora. Ciniki ya zama na wuni, kai da dawowa, kuma motar ta zauna tare da ku. Direban da ya ce zai je ya yi lodi ɗaya ya dawo, shi ne zai bar ku a daji har duhu. A ba da rabin kuɗi da safe, rabi bayan an sauke mutane a ƙofar majami'a. Hiyas ta ɗauki iya kujerunta. Kaya su bi wata motar dabam ko a-daidaita, kuma ko kusa kada a loda yara a bayan buɗaɗɗiyar mota tare da jarkoki. Manya su riƙe katin ɗan ƙasa, baƙi su riƙe takardunsu, saboda shingayen hanya.

7. Ƙidaya

Kowace mota da shugabanta da takardar sunayen mutanenta. Wanda ya tafi a mota ta biyu, a mota ta biyu zai dawo. Ana kiran suna ɗaya-ɗaya sau uku: kafin tashi, lokacin cin abinci, da kafin dawowa. Kowane yaro da ba iyayensa a tafiyar, a rubuta sunan babban da ke riƙe da shi a gefen nasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne uwa ta ɗauka yaro yana motar ubansa, uba ya ɗauka yana ta uwarsa. Haka ta faru da Yusufu da Maryamu a Luka 2: sun yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu, yana ɗan shekara 12, yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali.

8. Tsarin wunin

A tara mutane ƙarfe 6 da rabi, a tashi ƙarfe 7 da rabi. Da isa, samari su haƙa rami biyu nesa da wurin zama, su kewaye da zana, ɗaya na maza ɗaya na mata. A nuna wa yara iyakar da ba a wucewa. A gaya wa kowa ba a tsinkar mangwaro ko tumatir ɗin mutane, ba a kuma sarar reshe. Gawo da sauran itatuwan da kake gani a gonakin nan ba banza suka tsaya ba, manoma ne suka rene su da hannu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, aikin da ya faro a nan jihar Maraɗi a shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, wani ɗan mishan masanin noma. Shi ya sa na ce a zo da itace daga gida.

Sujada ta zama gajera: waƙoƙi uku ko huɗu, karatu, jawabin minti 15, addu'a. Ka roƙi fasto da ladabi tun a gida kada wa'azin Lahadi ya biyo mu daji. Daga nan sai abin da aka zo dominsa, wato cakuɗa mutane. Ka bi layi kana ba kowa lamba daga 1 zuwa 8, masu lamba ɗaya su zama ƙungiya ɗaya. Ta haka likita da mai gadi, Bagobira da 'yar Togo, dattijo da ɗan lakwal za su faɗa tabarma guda, kuma ƙungiyar nan ita za ta yi wasa tare, ta ci a tire ɗaya. In dattawa sun fi son maza da mata su ci dabam, a bi musu, amma a cakuɗa kowane ɓangare a cikinsa. Idan ka bar mutane su zaɓi wurin zama da kansu, za su sake gina bencin majami'a a ƙarƙashin mangwaro.

Wasannin da suka fi haɗa kai su ne waɗanda tsoho zai iya shiga: kacici-kacici daga Littafi Mai Tsarki, dara, jan igiya, gasar koya wa juna waƙa da harshen kowa. Ƙwallo da langa na yara da samari ne, a ba su lokacinsu da safe. Bayan abinci a bar awa guda ba tsari ko kaɗan. A wannan awar ce na ga mata biyu da suka shekara ba sa gaisawa sun zauna suna tsince zogale tare, a cikinta ne kuma wani magini ya ji cewa wani saurayi ba shi da aiki, ya ce ya same shi ranar Litinin. In wuri ya samu, a roƙi tsoho ɗaya ko tsohuwa ta ba da labarin yadda ta ba da gaskiya. Yaranmu da yawa su kaɗai ne Kirista a ajinsu, kuma ganin mutum 80 suna waƙa a fili, da jin abin da kakanni suka jure, yana ƙarfafa su fiye da yadda muke zato.

Da an ji kiran sallar azahar ko la'asar daga ƙauyen, a tsayar da ganga da lasifika har a idar. A ba direbobi buta da tabarma. A aika wa mai gari da mai gona tire ɗaya-ɗaya tun abincin yana da zafi. Yaran ƙauye za su zo kallo, a sa rabonsu cikin lissafi tun daga gida. Kada a mai da ranar ta wa'azi ga 'ya'yan mutane ba da sanin iyayensu ba, domin aron inuwa muka ce mun zo.

Idan wani ya jigata da zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. Saran maciji kuwa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi likita nan take.

9. Dawowa

A Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, don haka ƙarfe 4 a busa usur. Kowace ƙungiya ta ɗauki buhu ta tsince leda har wadda ba mu muka yar ba, domin leda tana kashe awakin mutane. A kashe wuta da ruwa, a rufe ramukan, a je a yi wa mai gari sallama. Sauran abinci a ƙulla wa gidajen da kwamiti ya sani, a miƙa musu ba a gaban jama'a ba. A kira suna, a tashi ƙarfe 5. Shugaban kowace mota ba ya tafiya gida sai an zo an ɗauki yaro na ƙarshe a ƙofar majami'a.

Lahadi mai zuwa ma'aji ya karanta lissafi a gaban ikilisiya, abin da ya shigo da abin da ya fita har dala ta ƙarshe, ragowar kuma a faɗi inda za ta. Kada a sa hoton kowa a Facebook sai an tambaye shi, domin akwai 'yan'uwan da danginsu ba su san suna zuwa majami'a ba. A cikin makon kwamiti ya zauna ya ɗora takardar waɗanda suka tafi kusa da rajistar ikilisiya, ya fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba, a raba su tsakanin 'yan kwamiti, kowa ya je gida ya gaishe su ya ji dalili.